Irin Nono a Motar Yaya

Motar Yaya ta girmi madatsar ruwan Goronyo, amma albarkacin madatsar ya saye ta. Kafin a tare ruwan nan, yayana manomin gero ne da dawa da wake a Kwargaba, kamar ubanmu. In rani ya yi sai gyaran darni da zaman gindin itace. Da aka fara sako ruwa da rani ya faɗa noman albasa, albasa kuwa ta karɓe shi. Cikin 'yan shekaru ya je Makka, ya dawo da haƙorin azurfa, ya kuma fara yi wa mutane bayanin abubuwan da bai taɓa gani ba. Duk ƙasar da na zauna na lura da wannan: wadata ba ta zuwa ita kaɗai, sanin komai take goyowa.

Motar ƙirar Faransa ce, mai dogon baya, ruwan toka. A Rabah ya saye ta, wurin wani malamin makaranta Kirista, mutumin kudancin Kaduna, da ya yi ritaya zai koma gida. Malamin ya riƙe ta da mutunci, har tsumman goge ta daban yake da na goge gilashi. Ranar da ya miƙa makulli ya ce komai nata lafiya, ban da esi, wato na'urar sanyaya cikin mota. Gas ɗinta tsohon yayi ne, an daina yin irinsa, sai an juyar da ita zuwa sabon. Yaya ya ce shi da ya tsufa yana shan rana a gona, wane sanyi zai nema. Shekara biyu yana yawo da gilasai a sauke, gwiwar hannu a waje, ko makaho ya san wanda ke ciki.

Ni a lokacin ban daɗe da dawowa gida ba. Na tuƙa manyan motoci tsakanin Yamai da Kwatano, na yi tsaron sito a Kumasi, na yi shekaru a Jidda ina tuƙa wani ɗan kasuwa. Na dawo da harsuna biyar da akwati ɗaya. Yaya yakan ce da harsunan nan buhunan albasa ne da an san inda za a kai su. In yana cikin mutane ɗan yawon duniya yake kira na. Ina dariya tare da su, amma ina ajiyewa.

Mahaifiyarmu, Inna, mutuniyar Tursa ce, cikin shanu ta tashi, ta sayar da nono tun tana budurwa har bayanta ya ƙi ɗaukar ƙwarya. Yaya ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ita ta riƙe ta har da sauran wasu. Wancan take kiransa. Suna zaune tabarma ɗaya za ta juyo ta ce mini in gaya wa wancan tuwonsa na hucewa. Shekarun da ba na nan, an ce in ba kowa kusa, akuya take gaya wa. Da na dawo na karɓi aikin akuyar.

Yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu a hankali, har ta kai ba ta bambanta mu sai da murya. Ma'aikaciyar jinyar asibitin ƙauyenmu, wata Kirista daga wajen Zuru da ta daɗe a cikinmu har tana Hausarmu fiye da ni, ita ta yi ta kai da kawowa har aka ba Inna ranar aiki a Sakkwato. Ido ɗaya za a yi, na dama, don na hagun ya riga ya wuce gyara. Ta zaunar da mu biyu ta ja mana kunne. Ta ce tafiya ba komai, dawowar ce abin tsoro. Kada iska ta bugi idon, kada ƙurar hanya ta shiga, kada gumi ya jiƙa bandejin. A rufe gilasai tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gida. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, sa'ad da kaza ke tafiya baki buɗe, motocin albasa kuma sun farfashe hanya. Mota a rufe da tsakar rana ba esi, gara tanderun mai burodi.

Haka esin da Yaya ya raina ta zama ita ce maganar.

A Goronyo akwai wani makaniki da ya koyi aikin sanyi wurin 'yan kwangilar da suka gina madatsar. Shi ke gyara musu na'urorin ofis da na motoci. Da suka tattara suka tafi, suka bar shi da agogon auna gas da wani injin zuƙe iska da rumfar kwano a bayan tasha. Yawancin aikinsa ya koma gyaran injin ban-ruwa, amma hannunsa bai manta ba. Can muka nufa, saura kwana huɗu a yi wa Inna aiki.

A hanya na yi wa Yaya bayani, don na ga an yi wa motar maigidana wannan aikin a Jidda. Na ce tsohon gas da sabo ba sa zama wuri ɗaya, kuma kowanne da man da yake tafiya da shi. Sabon gas ba ya iya ɗaukar tsohon mai ya zagaya da shi, sai man ya kwanta a bututu, kwamfireso kuma, wato injin da ke tura gas ɗin, ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Dole a zuƙe komai, a wanke bututu, a sake robobin mahaɗa, a sake gwangwanin da ke tsane danshi, sannan a zuba sabon mai da sabon gas. Na yarda na tsawaita. Na faɗi yadda Larabawa ke yi, na kwatanta da yadda makanikan Kwatano ke yi, har na sa kalmomin Faransanci biyu da ba a buƙata. Yaya ya saurara har muka wuce gonakin shinkafa, sannan ya tambaye ni, duk wannan sani, ina tawa motar.

A rumfar makanikin mun iske manoma shida ko bakwai suna jiran injinansu. Ya ɗaura agogonsa, allura ta ɗan motsa. Ya ce akwai ragowar tsohon gas kaɗan, zai zuƙe shi, ya kwance kwamfireso ya tsiyaye man. Ya jero duk abin da na faɗa a hanya, cikin Hausa zalla, a rubu'in lokacin da na ɗauka. Da ya ɗiga man a yatsa ya nuna, sai ga shi garau, kamar zuma. Malamin makaranta bai yi ƙarya ba.

Nan Yaya ya miƙe, ya gyara hannun riga.

"Tsaya, tsaya. Wanga man zaka zubdawa?"

"Alhaji, ba shi tahiya da sabon."

"Ragowag gas ɗin hwa?"

"Shi ma hita za shi yi, ranka shi daɗe."

"Kai, wa kat taɓa gani ya zubda iri?"

Ya juya ga manoman, don Yaya ba ya gardama sai da 'yan kallo. Ya ce shi ɗan mai nono ne, a gindin ƙwarya ya girma. Madara ba ta zama nono sai an bar mata ɗan na jiya a ƙwarya. Wadda ta wanke ƙwaryarta ƙal, sai ta kwana da madara ta tashi da ruwa. Haka gero, wanda ya cinye irinsa ya cinye baɗi. Sabon gas baƙo ne a motar nan, bai san lunguna ba. A bar masa ɗan gari ya nuna masa hanya, ya koya masa sanyi. Manoman suka yi ta gyaɗa kai. Wani tsoho daga Maikujera ya ƙara da cewa ko rijiya in ana yasa ba a kwashe ruwanta duka. Na zauna da masu jayayya a ƙasashe da yawa. Bakumashe zai kawo maka takarda, Balarabe zai rantse, Bazabarme zai tashi ya bar maka wurin. Mutanenmu misali suke kawowa, kuma in misalin ya yi daɗi, an gama shari'a.

Makanikin ya dube ni. Ya san na sani, don tun muna gaisawa na tabbatar ya sani. Abin da yake nema kalma ɗaya ce daga ɗan gida.

A wurinmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban baƙi. Wannan gaskiya ne, kuma shekaru da yawa shi nake faɗa in an tuna maganar. Amma akwai hanyoyi. Ina iya jan sa gefe. Ina iya cewa a bari mu yi salla mu dawo. Ina iya komawa gida in gaya wa Inna, ta ce in gaya wa wancan ya bar mai aiki ya yi aikinsa, magana ta mutu. Ban yi ko ɗaya ba. Tambayar ina tawa motar tana nan tana ci na, kuma a raina na riga na ga ranar da esin za ta tsaya, na ga fuskar Yaya. A cikin hoton nan da na zana ban sa kowa a kujerar baya ba.

Na ce, "Motatai ta. Yi mishi yadda yac ce."

Makanikin ya ɗaga hannu biyu ya ce jama'a su shaida ba shawararsa ba ce. Ya mayar da abin da ya kwance, ya sake bakin bututun don ya karɓi tukunyar sabon gas, ya ɗura sabon gas a kan tsoho. Aka tada mota. Sanyi ya fito, mai kyau kuwa, har wani manomi ya cusa kai ta taga ya ƙi fitarwa. Yaya ya dube ni, ya nuna mini haƙorin azurfa.

Kwana uku ya yi yana zagaya Wurno, babban garin yankinmu, da gilasai a rufe. Sai ya gano matsala: ba wanda ke ganinsa, ba kuma wanda ya san yana jin sanyi. Saboda haka duk inda ya ga majalisa sai ya tsaya, ya sauke gilashi, ya sanar da su, ya kira mutum biyu su sa hannu su ji. Labarin irin nono ya bazu. Har wani mai motar haya ya zo neman shawara.

Da sassafe muka kai Inna Sakkwato, ni ke tuƙi, Yaya na kujerar mai mota. Esi ta yi aiki. Inna ta ja mayafi ta ce in gaya wa wancan ya rage, ita ba kifi ba ce. Na fara tunanin ko Larabawan Jidda wahalar banza suke yi.

Aka yi aiki lafiya. Ranar sallama muka so fita da hantsi, amma jiran magani ya riƙe mu har bayan azahar. Aka fito da Inna da farin bandeji a idon dama, na kwantar da ita a baya, na rufe gilasai huɗu. Rana ta narkar da kwalta har tana kama taya.

Ba mu yi rabin hanya ba sanyin ya fara raguwa. Yaya ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Sai wata ƙara daga gaba kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi, sai warin roba. Na tsaya na buɗe gaban mota. Kwamfireso ya ƙame, bel ɗinsa na hayaƙi. Na yanke bel ɗin da wuƙar aljihu, don a irin motocin nan nasa daban yake, inji zai ci gaba da tafiya ba shi. Abin da na yi kwana bakwai ina jira ya zo. Na dubi fuskar Yaya, ga ta yadda na zana ta. Sai wata motar albasa ta wuce ta lulluɓe mu da jar ƙasa, na juya na ga Inna ta cikin gilashi, kwance, hannunta a kan bandeji.

Muka ci gaba, gilasai a rufe. Cikin ɗan lokaci rigata ta manne da kujera. Yaya ya kai hannu ga mariƙin gilashi, na ce ya tuna abin da aka ce. Ya janye. Inna, wadda ba ta yi magana ba tun asibiti, ta tambayi abin da ya faru da sanyin. Na ba ta labari duka, da rumfar makaniki, da manoma, da ƙwarya, da iri. Ban rage komai ba, kuma Allah ya sani har lokacin da ɗan daɗi a bakina.

Sai ta ce in gaya wa wancan, shi dai shan nono ya iya. Shekara hamsin tana nono, ba ta taɓa kwana da ƙwarya ba wanki ba. Kullum sai ta wanke ta tas, ta kife ta a rana ta bushe. Irin daban ake ajiye shi a ɗan ƙoƙo, ludayi guda ake zubawa, shi ma sai madarar ta zama irin tasa. Ƙwaryar da za a zuba wa wani abu dabam kuwa, da toka ake dirje ta. Macen da ke barin na jiya a gindin ƙwarya, ƙazama ake ce mata a kasuwar Rabah, ba mai sayen nata. Ta ce in tambaye shi, da zai ɗauki aikinta ya kai gaban maza, mi ya hana a tambaye ta.

Yaya na jin komai, amma al'ada ta ce sai na maimaita. Na maimaita, har da ƙazamar. Bai ɗago ba.

Sai ta ce, "Kai kuma, da kaz zagaye duniya. Ka san haka za a yi?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun can Goronyo."

"Kas sani, kab bari anka sa ni ciki?"

Na ƙura wa hanya ido, na ci gaba da tuƙi.

Ba ta ƙara ba. Da ta ji ƙarar injinan ban-ruwa ta san mun kusa fadamar Wurno, ta ce a tsaya a bakin magudana. Ta sa aka fito da buhunan algarara da ke bayan mota, a jiƙa su a shimfiɗa a rufin, a ɗaure, yadda ake naɗe tulu da jiƙaƙƙen tsumma. Ta miƙo mayafinta a jiƙa, a matse, a sa mata a ƙafafu da wuya, kada ɗigo ya kusanci fuska. Yaya ne ya shiga ruwan, da babbar rigarsa ta zuwa birni, har gwiwa cikin laka. Masu ban-ruwa suka dakata suna kallo, cikinsu har da waɗanda suka sa hannu suka ji sanyi kwana huɗu da suka wuce. Wani ya ɗaga murya ya tambayi Alhaji ko iri ya zo ɗiba. Ban yi dariya ba, ko da yake da a wata rana ce da na yi.

Yaya ya koma baya ya zauna kusa da ita, yana tsane mata goshi da hularsa kafin gumi ya gangaro. Ba ta ce ya bari ba. Haka muka shiga Kwargaba, mota na ɗigar ruwa, buhuna na kaɗawa a sama kamar an ɗauko kayan gudun hijira.

Duk da haka gumin ya shiga. Ma'aikaciyar jinya ta zo da la'asar ta tarar bandejin ya jiƙe ta gefe, idon ya yi ja. Ba ta yi mana faɗa ba, ta dai tambaya sau ɗaya ko ba a gyara esin ba ne. Yaya ya ce an gyara. Ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Ta ce ba za a san ko idon zai tsira ba sai an ga kwanaki. Kullum safe da yamma tana zuwa ta wanke ta ɗiga magani.

A kwanakin nan Inna ta daina yi mini magana. Yaya ba ta yi masa don kunya, ni ba ta yi mini don fushi. Gida ya tsaya cik. In tana son ruwa sai ta gaya wa ma'aikaciyar jinya ta gaya wa waɗancan. Na zama wancan na biyu, a shekaruna, ba tare da darajar ɗan fari ba.

Motar kuwa ta koma Goronyo. Makanikin ya samo wani kwamfireso, ya zuƙe komai, ya wanke bututu, ya sake robobi, ya yi duk abin da ya so yi tun farko, sai dai ya tabbatar tsohon nan na Maikujera na wurin. Yaya ya gaya wa majalisa gas ɗin zamani ne ba shi da albarka, shi ya kashe kwamfireson da. Wasu sun yarda. Har yau a Wurno akwai mai ce maka a bar ɗan tsoho a ciki.

Rana ta goma sha biyu jan ya washe. Ma'aikaciyar jinya ta cire bandejin a ɗaki, ta sa aka ɗaga labule kaɗan kaɗan. Muna tsaye a bakin ƙofa, ni da Yaya, kamar masu jiran hukunci. Inna ta daɗe tana ƙifta ido. Ta dubi hannunta, ta dubi rufin ɗaki, ta ce ashe azarar nan ta tsage ba wanda ya faɗa. Sannan ta juyo wajen ƙofa.

"Gaya ma wancan ina ganinai," ta ce mini. "Kai ma ina ganinka."

Idon ya yi mata aiki har ƙarshen ranta, ta ga jikoki, ta koma tsintar tsakuwa a shinkafa. Sai dai in rana ta yi zafi yakan yi ruwa, hawaye na bin kuncin dama shi kaɗai. Likita ya ce hakan na faruwa, mai yiwuwa ko ba gumin ma da zai yi. Inna ba ta karɓi wannan ba. In baƙo ya tambaye ta abin da ya sami idon, sai ta goge da bakin mayafi ta ce 'ya'ya biyu gare ta, ɗaya bai sani ba ya yi magana, ɗaya ya sani ya yi shiru, kuma a bar ta ta san wanda ya fi.